Mari a Taya: Ma'aikacin Abuja da Neman Wurin Ajiye Mota

Duk wanda ya taɓa biyo hanyar Nyanya da sassafe ranar aiki ya san yadda fitilun motoci ke jeruwa tun daga Mararaba, su haura tudun Kugbo, su nufi AYA, gari bai gama wayewa ba. Yawancin masu motocin nan ma'aikata ne, kuma ofisoshinsu ba sa buɗewa sai ƙarfe takwas. Abu biyu ne ke sa mutum ya sallame sallar asuba ya zari makulli ko shayi bai kurɓa ba. Na farko cunkoso, wanda kowa ke maganarsa. Na biyu ba a cika ambatonsa ba, alhali shi ne ke jiran mutum a ƙarshen tafiya: in ya isa ina zai yi fakin, nawa abin zai ci masa, kuma zai dawo da yamma ya tarar da motar yadda ya bar ta?

Sau biyu hukumar birnin tarayya ta gwada amsa wannan tambaya da shirin da aka raɗa wa suna Park and Pay, wato ajiye ka biya. Sau biyun kuma shirin ya rushe. Yadda ya rushe ɗin ne ya cancanci a tsaya a duba, domin ma'aikacin da aka ce don shi aka yi gyaran har yau yana nan yana kewaya tituna.

Yadda ma'aikaci ya koma bayan gari

Abuja birni ne da aka zana a takarda kafin a aza tubali. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar ƙirƙirar sabon babban birni, a 1979 aka kammala babban tsarin ginin, ranar 12 ga Disamban 1991 kuma Janar Ibrahim Babangida ya tare. Waɗanda suka zana birnin ba su manta da sufuri ba. Sun bar wasu dogayen filaye da suka ratsa unguwanni, aka keɓe su don manyan motocin haya da jirgin ƙasa na cikin gari, ta yadda mutum zai fito daga gida ya taka 'yar tafiya ya hau, ya sauka kusa da ofis. Manyan titunan mota aka fara ginawa, masu faɗi da kyau. Wancan ɓangaren na jigilar jama'a ya kwanta shekara da shekaru.

Sai kuma gidaje. Zamanin Shugaba Obasanjo aka mayar da haƙƙoƙin ma'aikata, irin su gida da mota, zuwa kuɗi a cikin albashi, aka sayar da gidajen gwamnati na cikin gari lokacin Malam Nasir El-Rufai yana minista. Wanda ya iya saye ya zauna. Wanda bai iya ba, da duk wanda aka ɗauka aiki daga baya, sai ya nemi inda albashinsa zai iya biyan haya: Kubwa, Dutsen Alhaji, Lugbe, Kuje, Gwagwalada, Karu, Nyanya. Wasu ma sun tsallake iyaka gaba ɗaya, suna kwana a Mararaba da Masaka cikin jihar Nasarawa, ko Madalla da Suleja cikin jihar Neja. Ofisoshi kuwa suna nan inda suke, a dunƙule: Sakatariyar Gwamnatin Tarayya, ma'aikatu, bankuna, Garki, Wuse, Maitama. Da safe gari ya kwarara ciki ta manyan ƙofofi uku, hanyar Keffi da hanyar Kubwa da hanyar filin jirgi, da yamma ya kwarara waje.

A 2006 aka hana acaɓa shiga tsakiyar birni. A 2013, lokacin Sanata Bala Mohammed, aka hana ƙananan motocin bas masu koren fenti da ake kira araba, aka ce manyan bas za su maye gurbinsu. Manyan ba su wadatar ba. Duk mai halin sayen tsohuwar mota 'yar Kwatano sai ya saya, ba don alfahari ba, don ya isa aiki a kan lokaci, matarsa da 'ya'yansa kuma su tsira daga tsayuwa a bakin titi da fargabar 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin mota.

Akwai wani dalili da mutane suka fara mantawa, kuma a ganina yana cikin manya. Ranar 1 ga Oktoban 2010 bama-bamai suka tashi a cikin motoci kusa da Dandalin Eagle. A watan Yunin 2011 wani ya tashi a filin ajiye motoci na hedikwatar 'yan sanda, a watan Agustan shekarar kuma aka kai hari ginin Majalisar Ɗinkin Duniya da mota. Daga nan ofisoshi da yawa suka daina barin motar baƙo ta shiga harabarsu, wasu suka jera tubalan kankare a gabansu, wasu suka toshe layin da ke gefensu ɗungurungum. Ba wanda zai zarge su, rai ake karewa. Amma motocin da aka hana shiga ba su ɓace ba. Titi suka koma.

Karon farko, 2012 zuwa 2014

A kan wannan hali shirin ya zo a 2012. An raba wa wasu kamfanoni masu zaman kansu titunan tsakiyar birni, aka shata layuka a gefen kwalta, aka zuba matasa masu riguna iri ɗaya da tikiti a hannu. Kuɗin ɗan gajeren lokaci bai fi naira 50 zuwa 100 ba. Wanda bai yanki tikiti ba, ko lokacinsa ya ƙare bai dawo ba, sai ya tarar an sa wa tayarsa mari, ko janwe ta ja motar, kuma kafin a sake ta sai ya biya tarar dubban nairori.

Ga mai shiga banki na rabin awa, naira 50 ba komai ba ce, har ma riba ya ci, don yanzu yana samun gurbi kusa da ƙofa. Wannan ita ce hikimar sa wa gefen titi kuɗi a ko'ina a duniya: gurbi ɗaya ya yi wa mutum goma amfani a yini maimakon mota ɗaya ta kwanta a kai daga safe har la'asar. Matsalar ita ce mai wannan mota ɗayar shi ne ma'aikaci, kuma ba a tanadar masa inda zai koma ba. Mu ɗauka naira 100 ce kowace awa. Awa 8 a yini, kwana 22 a wata, ya kama naira 17,600, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 18,000. Gaskiya ne mai irin wannan albashi ba shi da mota. Amma ko ga ma'aikaci mai matsakaicin matsayi, wannan kuɗin buhun shinkafa ne da cefane, ana cire masa kowane wata a kan abin da jiya yake samu kyauta.

Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne yadda aka tafiyar da shi. Koke-koken da suka cika jaridu da gidajen rediyo a lokacin kusan iri ɗaya ne: mutum ya yi fakin ya duba hagu da dama bai ga mai tikiti ba, ya shiga ya fito ya tarar da mari a taya. Ko da a ce rabin koken ne gaskiya, tsarin kansa ya buɗe ƙofar hakan. In tikiti naira 50 ne, tara kuma dubbai, kuma kamfanin da ke sayar da tikitin shi ne ke karɓar tarar, to kowa ya san wanne ya fi masa daɗi. Ba sai an sami mugun mutum ba, lissafin kaɗai ya isa ya karkatar da aikin.

Wani kamfanin ajiya da lamuni mai suna Sun Trust ne ya kai ƙara. A watan Afrilun 2014 Mai Shari'a Peter Affen na Babbar Kotun Birnin Tarayya ya yanke hukunci cewa shirin ba shi da madogara a doka. Alƙalin bai ce manufar ba ta da kyau ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne hukuma ba ta da ikon karɓar kuɗi daga aljihun jama'a sai da dokar da ta ba ta wannan iko a fili, kuma ƙa'idojin sufurin da aka dogara da su ba su tanadi haka ba. Masu tikiti suka ɓace daga tituna. Mutane suka yi murna, kuma sun cancanci su yi.

Shekarun da ake kira na kyauta

Sai dai wanda ya yi aiki a tsakiyar Abuja bayan 2014 ya san ba kyauta ba ce, hanyar biyan ce ta sauya. Ana biya da barci, domin gurbin da ke kusa da ofis na wanda ya riga isa ne, kuma wanda ya baro Masaka ko Gwagwalada ba zai riga mazaunin Asokoro ba sai ya fito cikin duhu. Ana biya da mai, a kewaye layi sau biyu sau uku ana leƙen wanda zai fita. Ana biya da kasada, a hau kan dakalin masu tafiya a ƙasa ko a yi layi biyu, rai na kan motar har a tashi aiki. Ana kuma biya da kuɗi tsaba, sai dai babu rasit.

Wannan na ƙarshen kowa ya san shi. Akwai mai gadin wani gini ko wani fili da ba a gina ba, yawanci dattijo daga Arewa, wanda ya san motar kowa da lokacin zuwansa. Ya kan ajiye tsohuwar taya ko dutse a gurbin mutuminsa.

"Baba, an tashi lafiya? Ga ta nan, a sa mata ido."

"Lafiya lau, Yallaɓai. Je ka abinka, ba abin da zai taɓa ta in sha Allahu."

Da yamma a miƙa na goro, ko a tara a ba shi ƙarshen wata. Ina girmama wannan alaƙa, don amana ce ta gaske, kuma iyalai da yawa a ƙauyuka suna cin abinci daga ita. Amma ba za a gina birni a kanta ba. Ranar da mai filin ya kawo bulo, ko aka sauya mai gadi, shi ke nan. Sabon ma'aikaci da bai san kowa ba, da macen da ba ta son tsayawa ciniki a lungu, su ne ke shan wahala.

Babban filin da ke jikin Dandalin Eagle yana ɗauke wa ma'aikatan Sakatariya nauyi mai yawa. Shi ma ba nasu ba ne kullum. In za a yi rantsar da shugaban ƙasa, ko faretin ranar 'yanci, ko babban taron jam'iyya, ana rufe hanyoyin wurin, wani lokaci har a ba ma'aikata sanarwar su tashi da wuri ko su zauna a gida.

Karo na biyu

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kai 617 a watan Yuli, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Ɗauki ma'aikacin da ke yin kilomita 50 zuwa da dawowa, motarsa na shan lita ɗaya a kowace kilomita 10. Lita biyar ke nan a yini. Da, abin bai kai naira dubu ba. A farashin naira dubu kuwa ya zama 5,000 a yini, 110,000 a wata, alhali sabon mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne.

A cikin wannan zafin, a watan Agustan 2023, 'yan kwanaki kafin a rantsar da sabon minista, hukumar birnin ta sa hannu da kamfanoni biyu a kan dawo da Park and Pay na tsawon shekara 10, ana hasashen kuɗin shiga sama da naira biliyan 26. An ce wannan karon an toshe ɓarakar doka da ƙa'idojin ajiye motoci da aka yi a 2019. Shekara guda bayan haka, a Agustan 2024, Minista Nyesom Wike ya faɗa wa 'yan jarida cewa shirin haramtacce ne, ya ce bai san da shi ba sai da wani babban lauya ya kira shi yana kukan an zo jan motoci a ofishinsa. Ya kuma ce da ya nemi takardar yarjejeniyar sai ya ga kashi 80 na kamfanoni ne, gwamnati kashi 20.

A nan ne nake ganin asalin ciwon ya fito fili. Karon farko an faɗi a kan doka. Karo na biyu an faɗi a kan tambayar da duk mai mota ke yi a zuciyarsa sa'ad da yake miƙa kuɗi: ina wannan kuɗin za shi? Titin da kuɗin jama'a aka gina shi. In za a sa masa haya, mai biya yana da haƙƙin ya ga abin da hayar ta haifar.

Ba Abuja ce kaɗai ta taka wannan ƙaya ba. A Disamban 2008 birnin Chicago na Amurka ya jinginar da wuraren fakin na gefen titi kimanin 36,000 ga wasu masu zuba jari na tsawon shekara 75, a kan dala biliyan 1.15. Cikin shekara biyar kuɗin awa ɗaya a tsakiyar birnin ya tashi daga dala 3 zuwa 6.50, babban mai binciken birnin ya ce an sayar da arha da kusan dala biliyan ɗaya, kuma har yau in hukuma ta rufe titi don wani aiki sai ta biya kamfanin diyyar cinikin da ya rasa. A ɗaya gefen kuma akwai Nottingham ta Ingila. A 2012, shekarar da Abuja ta fara nata shirin, ita ma ta fara karɓar kuɗi, amma daga hannun masu ɗaukar ma'aikata: duk wurin aikin da ya tanadar wa ma'aikatansa gurbin mota 11 ko fiye zai biya kuɗin shekara a kan kowane gurbi. Doka ta ɗaure kuɗin ga sufuri kaɗai. Da shi aka taimaka wajen shimfiɗa sababbin layukan jirgin cikin gari da aka buɗe a 2015, aka gyara babbar tashar jirgin ƙasa. Mutumin can ma ba ya son biya, amma yana ganin jirgin na wucewa ta gaban ofishinsa.

Dabarun da ma'aikata suka koma wa

Tun da mai ya yi tsada, ma'aikacin Abuja ya daina tambayar ina ne fakin ya fi arha a cikin gari, ya koma tambayar ko ya shigo da motar ma. Wasu sun jingine ta a gida sai Juma'a ko Lahadi. Wasu maƙwabta huɗu sun haɗa kai, kowa ya fito da tasa mako guda, wanda ke nufin gurbi ɗaya ake nema maimakon huɗu. Wasu da yawa, har da manyan ma'aikata masu ɗaure da lakataye, suna tsayawa a bakin hanya su ɗebi fasinja zuwa Sakatariya ko Berger ko Area One don su rage kuɗin mai, su yi kabu-kabu na safe da yamma. Wannan yana jawo musu rigima da 'yan kamasho da jami'an hanya, yana kuma ƙara rikita fasinja, don ya kasa bambance motar ma'aikaci mai neman na mai da motar ɓarayi.

Dabarar da ta fi ba ni sha'awa ita ce ta raba tafiya biyu. Mutum ya fito da mota daga can cikin unguwa inda babu abin hawa da asuba, ya sauke yara a makaranta, ya kawo ta bakin babbar hanya, ya bar ta a harabar wani gidan mai ko masallaci ko gidan ɗan'uwa, ya shiga tasi ɗin da ake kira alon. Da yamma ya sauka ya ɗauki abarsa. Ba wanda ya koya musu, larura ce. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da manyan birane ke ginawa da gangan: katafaren fili mai tsaro a bakin gari, kuɗinsa kaɗan, bas ko jirgi na tashi daga cikinsa a kan lokaci. Ƙasa a tsakiyar Abuja ta fi ƙarfin a shimfiɗa wa mota ta kwanta awa tara a kanta da arha. A bakin gari ne lissafin ke yiwuwa.

Kayan haɗin suna nan a warwatse. Jirgin ƙasa na cikin birni, wanda Shugaba Buhari ya buɗe a Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, aka sake tayar da shi ranar 29 ga Mayun 2024, har aka yi watanni ana hawa kyauta. Yana da tasha 12, yana haɗa tsakiyar gari da Idu da filin jirgi, wani reshen kuma ya nufi Kubwa. Ga mazaunin Kubwa da gidansa ke kusa da tasha, kuma lokacin jirgin ya dace da nasa, wannan sauƙi ne na gaske. Amma layin bai bi ta Nyanya da Mararaba ba, inda taron ya fi yawa. A 2025 an buɗe sababbin tashoshin bas a Mabushi da Kugbo, ta Kugbon kuma tana kan hanyar Keffi daidai inda ake bukata.

Abin da zai sa ma'aikacin Mararaba ya yarda ya kashe mota a can ba shi da yawa, amma ko ɗaya ba ya tsallakuwa. Yana son fili mai katanga da fitila da mai gadi, wanda in an fasa masa gilashi akwai wanda zai riƙe. Yana son kuɗin wata sananne, da rasit, wanda in an haɗa shi da kuɗin bas bai kai man da zai ƙona daga Kugbo zuwa Sakatariya ya dawo ba. Yana son bas da zai tashi ko ya cika ko bai cika ba, kowane minti goma tsakanin shida da tara na safe, ya kuma same shi da yamma ko taron ofis ya kai shi bayan magariba. Mutanen wannan hanya ba su manta da safiyar 14 ga Afrilun 2014 ba, ranar da bam ya tashi a tashar Nyanya ya kashe mutum fiye da 70, yawancinsu masu shirin shiga gari neman abinci. Duk wanda zai tara su a wuri guda da safe sai ya nuna musu tsaron da ido zai gani.

In an yi wannan, sa wa gefen titin Wuse da Garki kuɗi a karo na uku ba zai zama zalunci ba, muddin doka ce ta kafa shi, mai sayar da tikiti ba shi ne mai cin tara ba, kuma ana buga abin da aka tara da abin da aka saya da shi kowace shekara. Mai zuwa banki zai sami gurbinsa na rabin awa, ma'aikaci kuma motarsa na Kugbo ko tashar jirgin Gbazango ta wajen Kubwa, tikitin wata na aljihunsa. Kafin nan, gobe ma ƙarfe biyar da rabi zai tayar da mota a Masaka, da kuɗin goron Baba mai gadi a cikin aljihun gaba.